Jerin gwanayen jami'o'i: me yake aunawa, me ya bari?

Duk shekara idan mujallar Birtaniya ta Times Higher Education ta fitar da jerinta na jami'o'in duniya, sai ka ji ana musu a majalisu daga Kabuga har Zoo Road a Kano kan matsayin da Jami'ar Bayero ta samu. Iyaye da yawa da wannan lamba suke zaɓar wa 'ya'yansu makaranta, alhali ba don amsa tambayarsu aka yi jerin ba.

Akasarin makin daga bincike yake fitowa. A ma'aunin Times, kashi 30 cikin ɗari na ingancin bincike ne, wato yawan ambaton maƙalun malaman jami'a a rubuce-rubucen wasu masana, kuma jami'ar da ba ta wallafa maƙala 1,000 cikin shekara biyar ba, ba ta ma shiga sahu. QS kuwa, wadda ita ma ke fitar da irin wannan jeri, tana ba ra'ayin malamai da aka tambaya kashi 30. Jerin Shanghai, wanda aka fara a 2003, har lambar Nobel yake ƙirgawa. Babu ko ɗaya da ke leƙa ɗakin gwajin sinadarai ya ga ko akwai kayan aiki, ko ya ƙirga ɗalibai nawa ke tsaye a bakin taga lokacin lacca. Sannan maki ɗaya ake ba jami'a gaba ɗaya, sai sashen likitanci mai ƙarfi ya rufa wa raunanan sassa asiri.

Abin da ke iya ɓata wa yaro shekaru shi ne rashin amincewa da kwas ɗin kansa. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, kwas-kwas take tantancewa: cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ta wucin gadi ta shekara biyu, ko a hana, a dakatar da ɗaukar ɗalibai. Bayan ita akwai hukumomin sana'a. Likitanci sai da hukumar likitoci ta MDCN, wadda ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka. Injiniyanci sai da COREN. Lauyanci kuma akwai gurbin da aka ware wa kowace jami'a a Makarantar Horar da Lauyoyi. Idan jami'a ta ɗebi ɗalibai fiye da adadinta, su ne ke zaman jira bayan sun gama. A kuma tabbatar gurbin ya bi ta CAPS, tsarin JAMB na tabbatar da gurbin karatu, don in babu shi, matsala na jiran yaro a wajen bautar ƙasa.

Masu tura 'ya'ya waje su ƙara lura. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, kuma likitan da ya karanta a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majiyyaci a nan.

Jerin yana da ranarsa. Mai neman digiri na uku ya dube shi, amma na fanni, ba na jami'a dungurungum ba. Bizar Birtaniya ta masu hazaƙa da aka buɗe a 2022 ma da shi take aiki: lokacin da aka buɗe ta, sai jami'arka tana cikin 50 na farko a biyu daga waɗannan manyan jeri uku.

Ga mai digirin farko a Kano, a je sashen da ƙafa, a tambayi 'yan ajin ƙarshe shekara nawa suka yi, malamai nawa ke shiga aji, da inda waɗanda suka gama bara suke yanzu.