Abin da ambaliyar Maiduguri ta koya mini a aikin bayar da rance

Ƙarshen watan nan zan ajiye aikina na jami'in rance a bankin ƙananan 'yan kasuwa. Abokan aiki sun san ba albashi ne ya kore ni ba, duk da shi ma ba abin a zo a gani ba ne. Maganar ta faro ne tun Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliya, ruwa ya shanye Gwange da Fori da Gamboru, ya shiga Kasuwar Monday har da fadar Shehu. Rabon garin da irin wannan tun 1994. Yawancin masu bashinmu a wuraren nan suke, masu turaren wuta da masu ɗinkin hula da masu awo, kuma da yawansu ba su gama miƙewa daga gobarar kasuwar ta 2023 ba.

Wanda ya zauna da mutanen sansanin Bakassi, inda aka tsugunar da waɗanda ruwan ya kora, a makon farko ya san kuɗin da ya fara isa hannunsu na 'yan'uwa ne. Ɗa a Legas ya turo dubu 20, ƙanwa a Kano ta turo dubu 10, wani a Saudiyya ya haɗa abin da ya sawwaƙa. Da yawan kuɗin nan ta asusunmu suke shigowa, don mu ne muka bi mutane gida-gida muka sa suka buɗe.

Sai ga umarnin manaja: duk wanda ranar biyansa ta wuce, da zarar kuɗi ya faɗo asusunsa a zare bashi. Sharaɗin yana cikin takardar yarjejeniya, ban musa ba. A wajen taro na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin nan na abinci ne da magani, ba na ciniki ba. A ɗaga musu ƙafa ko da wata uku ne." Ya dube ni a gaban yaran da ni na koya wa aiki ya ce, "Malam, nan banki ne, ba hukumar zakka ba." Washegari na tarar da takardar tuhuma a kan teburina, wai ina zuga masu bashi su ƙi biya.

A lokacin amai da gudawa ya fara ɓulla a gari. Wata dattijuwa mai turare ta zo da wayarta, ta nuna mini saƙon shigar kuɗin da ɗanta ya turo, da saƙon fitarsu, tsakaninsu ko minti biyar babu. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗana, ba kai ka zo har ɗakina ka ce kuɗina sun fi tsira a wajenku ba?" Shi manaja yana ofishinsa na sama, ni nake a ƙasa ina karɓar irin waɗannan tambayoyin.

Labari kuwa ba ya kwana a Maiduguri. Nan da nan mutane suka gaya wa 'yan'uwansu su daina turowa ta wajenmu. Aka koma turawa ta asusun mai POS ko Opay ɗin maƙwabci, a biya caji mai tsada, a karɓi kuɗi a hannu. Masu karɓar adashen kullum suka riƙa dawowa da jaka wayam. Rahotonmu ya yi kyau na wata ɗaya, daga nan ya zube, don mun kama 'yan dubbai mun saki amanar da muka yi shekaru muna ginawa. Da hedikwata ta amince daga baya a sake tsara basussukan, manajan nan ne ya tashi ya gabatar da tsarin a matsayin dabararsa. Takardar tuhumata tana nan a fayil har yau, ba wanda ya cire.

Abin da na gani da idona shi ne, ɗaga ƙafa kaɗai bai wadatar ba. Wanda ruwa ya cinye masa kaya, ko shekara ka ba shi ba shi da abin biya. Waɗanda aka ƙara wa ɗan jari suka koma rumfa su ne suka biya tsohon bashi da sabo, kuma mafi yawansu mutanen da ni nake kula da rancensu ne, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Sauran a taƙaice. Rancen rukuni, inda kowa ke tsaya wa ɗan'uwansa, ba ya aiki ranar da ruwa ya ci unguwar duka. A ajiye lambar BVN da NIN ta kowa a kwamfuta, don takardu su ne farkon abin da ruwa ke tafiya da shi. Wanda zai gaje ni kuma, in yana da shawara ga na sama, ya rubuta ta da kwanan wata, ya riƙe kwafi a gida.