Gaskit ba ya ƙonewa haka kawai

Garejina ƙarami ne, ni da 'yan yarana, kuma tsofaffin motoci muke karɓa, masu kafireta, waɗanda masu su suka ƙi rabuwa da su. Cikin ayyukan da aka fi kawo mana akwai yoyon hayaƙi a manifol, ƙarfen nan da ke manne a jikin tof-silinda, wato kan inji, yana tattara hayaƙin kowace silinda ya miƙa wa bututun salansa. Mai mota yakan zo da maganarsa a shirye: gaskit ne ya ƙone, a canza masa ya wuce. Alhali gaskit, shimfiɗar nan da ake sawa tsakanin manifol da tof-silinda don toshe yoyo, shi ne mafi sauƙi a duk aikin, kuma da wuya a same shi da laifi shi kaɗai.

Da kunne ake fara gane matsalar. In aka tayar da inji da sanyin safiya sai a ji kas-kas-kas yana bin juyin injin, bayan 'yan mintoci ƙarar ta ragu ko ta ɓace, don ƙarfe ya ɗau zafi ya kumbura ya toshe kafar. Da yawa sukan ɗauka tafet ne, wato ƙarfen da ke tura bawul, har su sa a buɗe murfin bawul a banza. Mu gajeren tiyo muke sa wa a kunne mu bi bakin manifol da ɗaya gefen, sannan mu haska tocila mu nemi baƙin tabo, domin duk inda hayaƙi ke fita sai ya bar shaida. In abin ya ɓuya, yaro ya danne bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, nan take ƙarar za ta fito fili.

Abin da nake fara koya wa duk yaron da ya zo wurina shi ne manifol ba a tsaye yake ba, motsi yake yi. Hayaƙin da ke fita daga silinda yakan haura digiri 600 a ma'aunin Selsiyos idan mota na jan nauyi. Manifol na ƙarfen zubi mai tsawon santimita 60, in zafinsa ya ƙaru da digiri 500, tsawonsa kan ƙaru da kusan milimita 3. Shi kuwa tof-silinda ruwa na zagaya shi, bai kai ko kusa da wannan zafi ba. Kenan duk tayar da mota da kashe ta, fuskokin nan biyu suna gogar juna, gaskit na tsakiya. A yi haka shekara arba'in ko hamsin, dole ƙarfen ya lanƙwashe, wani ma ya tsuke har ramukansa su daina saitawa da na tof-silinda. Masu gyaran ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fito a 1955, sun san wannan sarai, har akwai wani ɗan ƙarfe na musamman da ake sawa a buɗa manifol ɗin kafin noti ya shiga. Da yawan waɗannan injina ma babu gaskit suka fito daga kamfani, ƙarfe ne kan ƙarfe, saboda fuskokin a miƙe suke sumul.

Shi ya sa ba na barin a ɗora sabon gaskit sai an gwada fuskar manifol. A kankare ta tas, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo, a zura fila-geji, siraran ƙarafan auna tazara, a ƙarƙashi. A ƙa'idar garejina, in tazara ta wuce kwatan milimita, manifol zai tafi wurin masu injin gyaran fuska a daidaita shi. Wasu sukan haɗa gaskit biyu ko su cika wurin da gam, motar ta yi shiru na 'yan makonni, daga nan ta koma gidan jiya. Wurin kankarewa kuma ina hana yara sa injin gurza a busasshen tsohon gaskit, don yawancin na da akwai asbestos a ciki, ƙurarsa na lalata huhu. A jiƙa shi, a ɗaye da hannu.

Inda aikin yake cin lokaci shi ne notuna da sitad, wato sandunan ƙarfe masu zare da ke kafe a tof-silinda, waɗanda ake ɗaura notunan a kansu. Sun sha wuta da ruwa da tsatsa shekara da shekaru, wani notin ya zaizaye har sifanar girmansa ba ta kama shi. Saboda haka ba na yi wa kowa alkawarin lokaci. In mai mota ya matsa nakan ce, “Ranka ya daɗe, bari notin ƙarshe ya fita tukuna, sai mu yi magana.” Tun ana gobe aiki muke fesa man sassauta tsatsa mu bar shi ya jiƙu. Kashegari a gasa notin da wuta, a ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan kafin a fara kwancewa, a riƙa kai da komo a hankali. Yaro mai ji da ƙarfi shi ne babban haɗari a nan, zai sa dogon bututu a sifana ya ja, sai ka ji ƙas, sitad ya karye a cikin tof-silinda.

In ya karye ba a rasa dabara. Wadda na fi yarda da ita ita ce a ɗora noti a kan guntun a cika tsakiyarsa da walda. Zafin waldar kan saki tsatsar, notin kuma ya ba sifana wurin kamawa. A tof-silinda na alminiyom, irin na Peugeot 504, dabarar ta fi ci, don walda ba ta kama alminiyom. In ba ta yi ba sai a huda, da bakin dirili mai juyin hagu, wanda wani sa'in shi da kansa yake warware guntun. Ƙarfen nan mai tauri da ake sayarwa don zaro karyayyen sitad kuwa, ni dai ba na ƙaunarsa. In ya karye a cikin ramin, dirili ba ya cinsa, ka sayi wahala da kuɗinka. Zaren rami in ya lalace a sa masa Heli-Coil, wato naɗaɗɗiyar waya da ke zama sabon zare. Akwai kuma injinan da ramin sitad ɗinsu ya zarce cikin hanyar ruwa, kamar wasu na Chrysler. Wanda bai sani ba zai zare ya ga ruwan lagireto na tsiyaya, kuma wajen mayarwa dole a shafa wa zaren abin toshewa.

Injina masu silinda a jere suna da nasu halin. A Slant Six na Chrysler, da A-Series na kamfanin BMC da ke cikin Morris Minor da Mini, da mai lita 2.25 na tsohuwar Land Rover, manifol na shigar iska da na fitar hayaƙi a gefe ɗaya suke. Sau da yawa noti ɗaya da washa ɗaya ne ke danne kunnuwan manifol ɗin biyu. In kaurin kunnuwan ya bambanta, misali an rage fuskar ɗaya an bar ɗaya, washa za ta karkace, sai ka toshe hayaƙi ka buɗe wa iska kafa, silo, wato juyin inji idan mota na tsaye, ya lalace, a yi ta zargin kafireta. A Slant Six ɗin washoshin ma na musamman ne, kuma ɗaurin da littafin ya ce kaɗan ne ƙwarai, domin a bar manifol ya riƙa zamewa. Wanda ya ɗaure shi tamau don gudun yoyo, shi ne zai tsaga shi. Tsagewar ƙarfen zubi kuwa ba a yi mata walda da gaggawa. Sai an gasa shi duka, a yi da sandar nikel, a binne a busasshen yashi ya huce a hankali, kuma duk da haka ba na ba da tabbaci. In ana samun wani lafiyayye, gara a canza.

Akwai aikin da ba na yarda a ɗaga. Volkswagen Beetle da iska ake sanyaya injinta, kuma ɗumin da ke shiga cikin motar daga jikin bututun hayaƙi ake ɗebo shi. Yoyo a wajen na iya tura iskar kabon monoksaid cikin mota, ga ta ba launi ba wari, direba sai dai ya ji ciwon kai da barci. Mai irin wannan mota in ya ce a bari sai wani watan, nakan gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye.

Haɗawa ba wuya in an yi na baya daidai. Sababbin sitad, notunan tagulla inda injin ya zo da su, man hana kamewa a zare. Gaskit mai fuskar ƙarfe ɗaya, ƙarfen ya kalli manifol. A fara ɗauri daga tsakiya a yi waje, zagaye biyu ko uku, da sifanar awo, ba da ƙiyasin hannu ba. Sai a tayar da inji ya yi zafi sosai, a kashe, a bar shi ya huce sarai, a sake bin notunan, don sabon gaskit yakan kwanta. Ina kuma roƙon mai mota ya dawo bayan mako guda a sake dubawa, aikin minti goma ne kuma ba na karɓar komai a kai. Yawancinsu da sun ji mota ta yi shiru ba sa dawowa, shi ya sa yanzu nake rubuta ranar a takarda in manna musu a jikin sitiyari.