Ku masu noma ta waya, ga kaka ta zo

Ɗan ƙanwata ne ya ja min wannan rubutun. Yaron yana aiki a Kaduna, albashinsa ba laifi, bara ya sayi 'yar gona ta wajen Maraban Jos, bana ya zuba masara da wake da ɗan gyaɗa a gefe, ya sa awaki da kaji a wata 'yar rumfa da ya yi. Tun faɗuwar ruwa ba mu huta da hotuna ba, yau ga shi da malfa a tsakiyar masara, gobe ga shi ya riƙe fartanyar da ko ƙasa ba ta taɓa ba, a ƙasa ya rubuta na duƙe tsohon ciniki. Shekaranjiya ya shigo gaishe ni nace to manomi yaushe za a shiga girbi, sai yace "Kawu ai na gama da wannan, na yi wa yaron gona transfa shi zai yi komai, ni akwai bikin abokina a Abuja kuma ofis ba za su sake ni ba yanzu." Na buɗe baki zan yi magana wayarsa ta yi ƙara ya fita amsawa, da ya dawo kuma sallama ya yi min. Toh tunda ku yaran yanzu sai abu ya fito a waya kuke saurarensa, bari in saka shi a wayar.

Abin da yake shirin yi na yi shi, kuma nawa ya fi nasa muni don ni ɗan manomi ne. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa da fartanya ya ciyar da mu, ni kuma tun ina yaro ba abin da na tsana kamar a tashe ni da asuba ace gona, boko ma rabin abin da ya sa na riƙe shi da gaske gudun gonar ne. Sai da na fara furfura ina aikin gwamnati a Zariya sha'awar ta dawo min, na sayi ɗan fili ta wajen Shika wanda bai kai kadada biyu ba, ba don neman kuɗi ba wallahi, kawai in riƙa fita daga hayaniyar gari ranar Asabar in ci masarar da na shuka da hannuna. Damina kuwa akwai daɗi ba zan ɓoye ba. Ka je ka tarar ko'ina kore shar, ka zauna a gindin mangwaro yara su gasa maka ɗanyar masara, ka ɗan ciri ciyawa ka ji kai ma ka yi noma. Kuɗin taki na bayar, kuɗin huɗa da noman fari da maimai na bayar, ina ganin ai an gama mai wuyar.

Ashe damina tana yi wa mutum uzuri, in ka makara da noma da sati ɗaya shuka za ta jira ka ko da ta ɗan yi ja. Kaka ba ta jira. Kuma komai tare yake zuwa, wake ya bushe yana son a rore shi, gyaɗa tana son cira, masara ta sunkuyar da kai, harawa tana son yanka, ga shi daidai lokacin ne a ofis ake ta fama da rufe lissafin shekara, oga ba ya son jin kalmar hutu. Sai na kira mutumin da ke duba min gonar na ba shi kuɗin leburori nace Malam ka yi yadda ya kamata. Yace ranka ya daɗe kada ka damu.

Na daɗe ina cewa mutumin nan cutata ya yi, har a gaban iyalina na sha faɗa, amma yanzu in na zauna ni kaɗai na kan ga ban yi masa adalci ba. Shi ma yana da gonarsa, kuma da ita zai ci da 'ya'yansa har wata damina, ni kuwa albashi na shigowa ko gona ta yi ko ba ta yi ba. Wa zai bar nasa waken yana zubewa ya je roron na ɗan birni? Sai da ya gama nasa tas sannan ya waiwayi nawa. Duk da haka dai, ai da ya faɗa min gaskiya, da yace ba zan iya ba ka nemi wani. Kuɗin kuma ya karɓa. Har yau ban gama yanke hukunci a kansa ba.

Da na samu na leƙa, waken rabinsa ya fashe a rana ya zube ƙasa, kaji da tantabarun unguwa sun yi biki. Harawar da ya kamata a yanka tun ganyen na jikinta da sauran kore, a ɗaure a ɗora kan rufin ɗaki ko reshen bishiya, an bar ta ta bushe ƙayau ganyen ya kaɗe sai igiyoyi. Gyaɗa kuma an bari ƙasa ta yi tauri, in aka ja sai ganye ya taho ya bar 'ya'yan a ciki, sai da aka sa fartanya ana tono kuma mata masu kala su suka ci ribar. Masarar ce ta fi ƙona min rai. An cire ta an jibge a ƙasa ba tamfol ba komai, ga ɗan ruwan ƙarshe da ya sauka a Oktoba ya jiƙa ta, gara ta shiga ta ƙasa, sannan ni da kaina, wannan ba laifin kowa ba ne, nace a kawo inji a ɓare a zuba a buhu yau-yau don Litinin ina da mitin. Mutumin yace ranka ya daɗe ba ta gama bushewa ba fa. Nace a gida za ta ƙarasa. A gida ta yi zafi a cikin buhu, ta yi fumfuna, ta dunƙule tana wari. Lokacin ban ma san fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da wata guba da ake kira aflatoksin mai lalata hanta ba, na ɗauka ɓacin launi ne kawai, na sa aka bai wa kaji wani aka niƙa wani.

Ɗan waken da aka tsira da shi ƙwari suka fara hudawa, wani abokin aiki yace zuba masa fiya-fiya kowa haka yake yi. Na zuba. Maiɗakina ta buɗe buhun ta shinshina tace wallahi ba za ta dafa wa 'ya'yanta wannan ba, muka yi ta rigima ina cewa 'yan kasuwa ma haka suke yi kuma wa ya mutu. Ita ce mai gaskiya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar irin wannan maganin da aka riƙa samu a jikinsa, ranar da aka faɗa a rediyo tana zaune kusa da ni, ba ta ce komai ba ta dai ƙara sautin rediyon. Amma ni ma a lokacin wa ya koya min wata hanya? Malamin gona ban taɓa ganinsa a gonata ba. Toh amma kuma Samaru na nan kusa da ni, cibiyar binciken aikin gona guda, kullum ina wucewa ta ƙofarta da mota ban taɓa tsayawa na yi tambaya ba, girman kai ne ko lalaci oho.

Dawa ita ce ƙarshen girbi, sai iskar hunturu ta fara busawa. Maƙwabta duk sun yanke tasu sun ɗaure dammuna sun kai gida, tawa ce kaɗai a tsaye a fili fetal, shanu kuwa an sako su cin kara da karmami kamar yadda aka saba duk shekara. Suka shiga. Na tafi wajen mai unguwa da fushina da takardata, dattijon ya saurare ni har na gama sannan yace Alhaji kowa ya kwashe nasa tun tuni, kai me ka tsaya yi? An ɗan biya ni wani abu don a kashe magana amma na fito da kunya. A Nijar hukuma ce ma ke sanya ranar sakin gonaki, wanda bai kwashe nasa ba kafin ranar kansa ya yi wa. Karan da na ce a tara min don danni da abincin dabbobi shi ma yara masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawar gefe wuta ta haɗa da shi.

Da bazara ta yi awakina suka rame ƙashin baya a waje, na koma sayen harawa ɗauri-ɗauri da tsada a hannun mutanen da na gani da idona suna ɗora tasu kan rufi ina wucewa a mota. Kaji kuwa sanyi na shigowa annoba ta bi ta kansu, ka tashi da safe ka tarar sun sunkuyar da kai wuya a murɗe, kafin sati ba ko ɗaya. Cutar Niyukasil ce, rigakafinta ba tsada, a ruwan sha ake zuba musu ko a ɗiga a ido, a Vom kusa da Jos ma ana yin sa. Ban yi ba don ba na nan. Abin da ba na son faɗa shi ne shekarar da ta biyo baya ma kusan haka na sake yi, na canza mutum kawai ina ganin matsalar daga shi ne.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, har na rubuta wasu a bayan takardar wuta, amma da na duba duk abu ɗaya suke nanatawa. Ka je gonar da ƙafarka. In kana da hutun shekara a wurin aiki kada ka ƙone shi a bikin Sallah ko yawon ɗaurin aure, ka ajiye shi sai Oktoba zuwa Nuwamba. Bikin abokinka za a yi shi ko ba ka je ba, tura masa gudummawa ta wayar da kake tura wa yaron gona. In ba za ka iya ba to ka rage gonar, ka shuka abu ɗaya da za ka iya tsayawa a kansa, ba masara da wake da gyaɗa da awaki da kaji da kifi duk a fili ɗaya don ka gani a bidiyo ba. Ko ma ka bar noman gaba ɗaya ka sayi buhunka a Dawanau ka huta, ba dole. A'a kada ka bari, ƙasar nan tana buƙatar masu ilimi a gona, ni dai haushi ne yake sa ni faɗin haka.

Kada ka zuba hatsi a buhu sai ya bushe. Shanya a kan tamfol ko daɓen siminti, ba a ƙasa ba kuma ba a bakin kwalta ba. Masana suna cewa danshin masara ya sauko wajen kashi 13 cikin 100, kai ba ka da na'ura, to ciza ƙwaya ɗaya, in ta fashe ƙas ta yi, in haƙori ya nutse da saura. Ko ka zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a busasshiyar kwalba ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar mayar da shi rana. Wake kuma ka nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi aka fara yaɗa shi a yankinmu a 2007. Ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu don kansu ba digon magani. Ka ɗora kan katako nesa da bango saboda ɓera, in ya huda shikenan.

Da cewa zan yi kada ka sayar da komai a kaka, farashi a ƙasa yake, ka riƙe sai bazara. Shekara da shekaru haka abin yake. Amma bayan gwamnati ta janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a 2024, waɗanda suka ɓoye kaya suna jiran tsada da yawansu a 2025 kuka suka yi. Don haka ban sani ba, ka ajiye na ci dai, sauran ka yi yadda ka gani. Yaron gona kuma kada ka sakar masa komai, amma kuma kada ka riƙa yi masa kallon ɓarawo kamar yadda na yi, ka yanka masa kaso a cikin amfanin tun farko yadda in waken ya zube shi ma nasa ne ya zube. Kuma ku daina kiran dattijo sa'an ubanku yaron gona, ba tarbiyya ba ce.

Zakka kuma a wurin ake fitar da ita ranar da aka auna, ɗaya cikin goma in noman ruwan sama ne kuma ya kai nisabi, in ba ka san nisabin ba ka tambayi limamin ƙauyen ba sai ka shiga intanet ba. Ni wancan karon ko nisabin ban kai ba. Masu kala kuma ka bar su su yi kalarsu bayan ka kwashe, kada ka tsaya kana ɗaukar su bidiyo kana cewa kana taimakon talakawa, wannan ɗabi'ar taku ta fi komai ba ni haushi.