Yadda na yi fama da aya-aya ba tare da feshi ba

Shekara biyu ina lallaɓa ɗan filin ciyawar da na shuka a gaban gida, kwatsam aya-aya ta shigo mini. Kwana biyu da yanka sai ka ga ta ɗara sauran tsawo, ganyenta na sheƙi. In ka murza kararta da yatsu za ka ji kusurwa uku, da haka nake gane ta. Maganin feshi kuwa tun farko na ce a'a, don a nan yarana ke birgima ba takalmi.

Da farko tuge ta na riƙa yi bayan ta girma. Ganye ya biyo hannu, in ji daɗi, ashe 'ya'yanta na can ƙasa a jere kamar carbi. Da saiwar ta tsinke sai waɗanda ke kwance su farka. Inda na cire ɗaya, uku suka fito.

Sai na sauya dabara. Inda ta yi cunkus na sa shebur na haƙa kamar santimita 20, na tankaɗe ƙasar da rariya ina tsince ƙwayoyin, baƙaƙe masu tauri da ƙamshi. Aiki ne mai cin baya, amma ya biya. Sauran kuma duk bayan mako 2 nake bi ina cirewa tun ba ta yi ganye 5 ba, domin daga nan take fara sababbin 'ya'ya. Kowane toho daga abincin da ƙwayar ta tara yake ci, a hankali har ta ƙare.

Abin da ya fi damuna shi ne gano cewa da hannuna na gayyato ta. Kullum ina yayyafa ruwa, ƙasa ba ta taɓa tsanewa, ga shi ina aske ciyawar ƙwal don ta yi kyau. Aya-aya kuwa danshi take so da rana, ba ta jure inuwa. Na ɗaga bakin injin yankan ciyawa, ba na yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawar, ruwa kuma sau biyu a mako amma ya ratsa sosai. Duk inda na haƙa na dasa sabuwar ciyawa nan take, ban bar fili tsirara ba.

Tafasasshen ruwa ma na gwada, ya ƙona mini ciyawata, ƙwayoyin ko gezau.

Yanzu shekara ta zagayo. Tana ɗan leƙowa a gefen famfo inda ruwa ke ɗiga, kuma gobe zan gyara famfon.