Naira ko kobo: abin da na kwaso daga gwajin wakilan AI

Ƙarshen watan nan zan miƙa kwamfutar ofis in kama gabana, don haka bari in rubuta wannan tun abin bai huce ba. Waɗanda muka yi aiki tare sun san kujerata: ni ce mai duba ko wakilin ƙirƙirarriyar basira da muka haɗa wa masu shagunan intanet yana ɗaukar kayan aikin da ya dace, yana kuma cike gurabensa daidai. Wakilin manhaja ce da ke karɓar buƙatar kwastoma ta aiwatar da ita, kayan aikin kuma umarnan da take kira ne, irin su mayar da kuɗi ko soke oda.

Tun daga watan Yunin 2023 da kamfanin AI na OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki, har zuwa MCP, ƙa'idar haɗa wakilai da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya saki a Nuwamban 2024, fasalin bai canza sosai ba. Kowane kayan aiki yana da suna, da ɗan bayani a rubuce, da jerin guraben da za a cike a tsarin JSON Schema, wato ƙa'idar faɗin irin abin da kowane gurbi zai ɗauka. Iyakar abin da wakilin ke gani ke nan. Bai ga manhajar da ke bayan labule ba, bai kuma zauna mitin ɗinmu na Litinin ba. Tamkar baƙon da ya sauka gari jiya ne ka miƙa masa 'yar takarda ka aike shi kasuwa: abin da takardar ba ta faɗa ba, cankarsa zai yi.

Kayan aikinmu na mayar wa kwastoma kuɗi layi ɗaya ne bayaninsa, gurbin adadi kuma an ce masa lamba kawai. Kafar biyan kuɗin da muke amfani da ita a kobo take karɓar adadi, kamar yadda wasu kafofi irinta suka saba. Duk mai rubuta manhaja a ofis ya san haka, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin rubutawa. Da na zauna ina karanta rikodin hirarrakin gwaji ɗaya bayan ɗaya, sai na ga wakilin wani lokaci yana ninka adadin sau 100, wani lokaci yana tura shi yadda kwastoma ya faɗa. Tambaya ɗaya, amsa biyu. Jadawalin makinmu kuwa kore shar, domin sunan kayan aikin kaɗai yake dubawa, ba ya leƙa abin da aka zuba a ciki.

Na rubuta imel, na kuma bi shi da baki. Na ce, "Yallaɓai, a ba ni dama a gyara bayanin nan, a kuma sa gwaji ya riƙa duba adadin." Oga ya yi dariya ya ce, "Malama, injin da ya ci jarrabawar lauyoyi ne kobo zai gagara?" Ana so a ƙaddamar kafin Sallah, maganar ta mutu a nan.

An ƙaddamar. Wata mata ta mayar da takalmin ₦18,000, alat ɗin ₦180 ya shigo mata. Mai shagon ta sha zagi a WhatsApp, an kira ta macuciya a gaban sauran kwastomominta, alhali ita ma ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ba ita kaɗai abin ya shafa ba. A mitin ɗin gaggawa, a gaban daraktoci, Oga ya ce sashen gwaji ne ya yi barci. Sashen gwaji kuwa ni ce. Imel ɗin yana cikin wayata a lokacin, na dube shi na mayar da wayar jaka, don na san wanda zai sa hannu a takardar ƙarin albashina.

Maganin da ya kawo shi ne a mayar da wakilin kan injin AI da ya fi tsada. Kuskuren ya ragu, bai tafi ba, kuɗin da muke biya duk wata kuma ya hau. Daga baya wani yaro mai kirki cikin masu manhaja ya ƙara layukan da na nema tun farko: adadi a kobo yake, naira 1 kobo 100 ce, don mayar da ₦18,000 a tura 1800000. Ya kuma saka kalmar kobo a cikin sunan gurbin kansa. Muka maimaita gwajin a kan tsohon injin mai araha, ban sake ganin kuskuren ba. A rahoton ƙarshen wata an kira wannan "inganta tsari ƙarƙashin jagorancin" Oga. Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Ga wanda zai gaje ni, ka fara da ba wa ɗan bautar ƙasar da bai taɓa ganin manhajar ba bayanin kayan aikin, ka ce ya cike guraben da hannu. Duk inda ya ɗago kai ya yi tambaya, nan wakilin zai yi canka, shi kuma ba lallai ya tambaya ba. Kada ka yarda da makin da aka samu a zagaye ɗaya, domin injin ba ya maimaita amsa kullum. Tambayoyin gwaji ka rubuta su yadda mutanenmu ke rubutu, Hausa gauraye da Turanci, "5k" nan, "dubu biyar" can, wani ma bai ambaci lambar oda ba. Ka kuma saka waɗanda daidai a cikinsu shi ne wakilin ya ƙi taɓa komai, ya nemi ƙarin bayani.

Soke oda da mayar da kuɗi suna kama da juna, don haka kowane bayani ya faɗi lokacin da ba shi za a ɗauka ba. Saƙon kuskure ma wakilin na karanta shi, a sa ya faɗi abin da za a gyara. Kwanan wata a bi ISO 8601, shekara, wata, rana, in ba haka ba za a samo maka tsarin Amurka mai fara wa da wata. Ka ware wasu tambayoyin da masu gyaran bayani ba za su gani ba.

Duk gargaɗin da za ka yi wa na sama kuma, ka yi shi a rubuce, ka saka wani a kwafi.