Haske Faifan Sola Yake So, Zafi Kuwa Rage Masa Ƙarfi Yake

Na daɗe ina zaton duk inda rana ta fi ƙuna nan ne faifan sola zai fi ba da wuta, har sai da na fara rubuta abin da inbata, wato na'urar da ke juya wutar faifan zuwa irin wadda ake amfani da ita a gida, ke nunawa kullum, na lura cewa ranakun da suka fi zafi ba su ne suka fi yawan wuta ba. Adadin wat da masana'anta ke rubutawa a bayan faifan an auna shi ne a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, alhali faifan da ke kan rufi da tsakar rana yana iya haura digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari yana cinye kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Ƙura ma tana da nata ɓarnar, domin ranar da na goge nawa sai da tsumman ya yi baƙi ƙirin.

A ganina, kwatanta solar mutum biyu ba shi da amfani sai an raba wutar da aka samu da girman faifan, wato adadin wat ɗinsa. Shafin PVOutput, inda masu sola ke loda bayanansu, da taswirar Global Solar Atlas ta Bankin Duniya, mai nuna yawan hasken rana a wurare daban-daban, suna sauƙaƙa wannan, muddin wuraren da ake kwatantawa yanayinsu ɗaya ne.