Kafin ka ɗaga kat-kat ɗinka, tsaya ka ji tawa

Ƙannena masu sabon shiga harkar mota, ni dai na yi wauta da Hilux ɗina, kat-kat ce wato mai ja da taya huɗu, kuma kuɗi masu ciwo na biya. Matsalata ɗaya ce lokacin, in na ɗora duro biyu na gazuwal da buhunan hatsi zan yi Tanut sai bayan motar ya zauna, hanci sama, fitila na haska reshen itace. Maimakon in tambaya sai na ga wata mota an ɗaga ta wajen kasuwar Dole ta yi kyau, nima na je garaji na ce a sa mini ƙarafan ɗagawa gaba da baya, kusan santimita 8. Makanikin ya ce Alhaji lam ɗinka ne suka gaji fa, wato faffaɗan ƙarafan nan da ke jere kan juna suna riƙe nauyin bayan mota, na ce kai dai yi abin da aka sa ka.

To ɗagawa ba ta ƙara ma mota ƙarfin ɗaukar kaya, tsayi kawai take ba ta, lam ɗin nan da suka kwanta suna nan a kwance. Duro ɗaya na lita 200 ya haura kilo 160, ina ɗorawa ta sake zama kamar da. Kuma pon, tulun nan da ke tsakanin tayoyin baya, bai tashi ko yatsa ɗaya ba, shi taya babba ce kaɗai ke ɗaga shi, shi kuwa ke fara noman rairayi in ka kafe. Gaban Hilux kuma kardan, sandar ƙarfen da ke juya tayar gaba, ya karkace da yawa, robarsa ta tsage yashi ya shiga, kana juya sitiyari kana jin ƙas ƙas ƙas. Abin da ya firgita ni dai bayan Gure ne hanyar Tesker, na bi gefen wani tudu da kaya a sama, wallahi na ji tayoyin dama sun yi sauƙi, yaron motata har ya fara salati.

Da na dawo Damagaram haushi ya sa na zarce, na ce a cire ƙarafan ɗagawar a ƙara lam uku kowane gefe. Da kaya lafiya lau, ba kaya kuwa amalanken jaki ta fi ta daɗi a gargada, tsohuwata sau ɗaya ta shiga ta ce ba ta ƙara.

Saboda haka ka duba me ke damunka tukun. Kaya ke zaunar da ita, ƙara lam ɗaya ka sa amortisar masu kyau, su ne ke shanye girgiza. Cikinta ke taɓa ƙasa alhali ba kaya, ɗaga amma kar ka wuce santimita 5 kuma a duba tiyon birki ya kai. In kafewa ce a rairayi, rage iskar taya, wannan ko dala ba za ka biya ba.